Tashar Jirgin Ƙasa ta Maraɗi: A Nuna Mana Taswira Kafin A Kafa Turaku



Ranar Talata 9 ga Fabrairu 2021, shugaban Najeriya na lokacin Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo da zai taso daga Kano ya tsaya a Maraɗi. Kun ji a rediyo. Tsawon layin kilomita 284 ne, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya tsallako ƙasarmu. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyin nemo kuɗin. Mu ƴan adawa mun yi murna da wannan labari, kamar yadda kowane ɗan Maraɗi ya yi. Katsinawan can da Katsinawan nan uwa ɗaya uba ɗaya ne, duk abin da zai rage mana wahalar hanya tsakaninmu alheri ne.

Amma akwai tambayar da jawaban biki ba su amsa ba, kuma ita ce ta fi shafar aljihunku: a wane wuri tashar za ta zauna? Wa a cikinku mai unguwarsa ya kira shi taro aka shimfiɗa taswira aka ce ga inda dogo zai bi, ga inda jirgi zai tsaya? Najeriya za ta shimfiɗa ƙarfe, gaskiya ne. Ƙasar da ƙarfen zai hau daga iyaka zuwa nan kuwa tamu ce, gonakinmu ne da makiyayarmu, kuma hukumomin Nijar ne za su sa hannu a kan wurin. Wanda muka zaɓa ranar Lahadi 21 ga Fabrairu 2021, shi da ministocinsa, su ne za su riƙe alƙalamin.

Kada wani ya ce muku wannan maganar injiniyoyi ce. Kasuwa tana tashi, tashar mota ana iya matsar da ita, amma tashar jirgin ƙasa in an kafa ta an kafa ke nan, jikokinmu a nan za su tarar da ita. Kuma gari bin tasha yake yi. Dubi Kano. Da dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi a 1912, Turawa sun ajiye tashar a wajen ganuwa. Cikin ƴan shekaru kantunan kamfanoni da masu awon gyaɗa suka taru a wannan gefen, Fagge ta cika, Sabon Gari ta tsiro, kasuwar Kurmi da ta yi ɗaruruwan shekaru tana jan fatake ta sami kishiyoyi a bayan gari. Kakanninmu sun san wannan tasha sarai, domin gyaɗar Maraɗi can ake kai ta a mota, daga nan jirgi ya kai ta Ikko, har zuwa 1953 lokacin da Faransa ta fara karkata kayan ƙasar nan zuwa Paraku da Kwatano. Alhazan Maraɗi da ake ji da su a fatauci, tushen da yawa daga cikinsu yana cikin wannan zirga-zirga. Yau shekara fiye da ɗari da kafa tashar Kano, har gobe ana ganin yadda ta tsara birnin.

Mun ga kuma yadda abin yake in an yi shi da gaggawar neman suna. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, da shugabannin Nijar da Benin da Togo, da kiɗa da tutoci. Kamfanin Bollore ya shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso. A ƙarshen Janairun 2016 aka yi bikin buɗe shi, saura mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairun shekarar. A farkon 2021, shekara biyar cif bayan haka, babu jirgin da ke jigilar fasinja ko buhu guda na albasa a kan wannan dogo. An fara gini daga ƙarshen da ba ya haɗe da komai. Tsakanin Doso da Paraku, inda dogon Benin ya tsaya, babu ƙarfe ko taku ɗaya, rikicin shari'a a Benin tsakanin kamfanin da wani attajirin ƙasar ya tsayar da sauran aikin. Abin da mutanen Yamai suka samu shi ne ƙarfe kwance a gefen babban titin filin jirgin sama, masu mota da masu babur suka yi ta fama da tsallaka shi kullum. Gwamnatin da ta yi wannan ita ce a 2021 ke neman ku ba magajinta amanar tashar Maraɗi. In ta bi daga-daga, na ƙurya ka sha kashi, shi ya sa muke magana tun yanzu.

To ina ya kamata a ajiye ta?

Abin da ya fi wa mai kwangila sauƙi shi ne ya nemi daji mai nisa, inda ƙasa ba ta da tsada kuma ba mai gardama, ya gina tasha mai kyan gani a can. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Kaduna da Abuja sun san wannan salo. Jirgin da ke tsakanin biranen biyu ya fara aiki a Yulin 2016, yana da sauri, yana da tsabta, mutane suna rububinsa saboda tsoron ƴan bindiga a kan titi. Amma tashar Idu tana can bayan garin Abuja, ta Rigasa kuma tana gefen Kaduna. Ka sauka daga jirgi, sai sabuwar tafiya ta fara, sai sabon ciniki da mai tasi. Babban ma'aikaci da direbansa ke jira a bakin ƙofa bai san ana yi ba. Mai ƙaramin jari shi ne ya sani.

Mu yi lissafi irin namu. A ce an kai tasha nesa har ɗan kabu-kabu ya ce jika guda zuwa, jika guda dawowa. Matar da ke sayo atamfa da takalma a Katsina ko Kano sau ɗaya a mako, jika biyu ke nan sun fita kafin ta taɓa kuɗin tikiti. Da kaya a hannu kabu-kabu ba zai ɗauka ba, sai adaidaita, kuɗin ya ƙaru. A wata jika takwas ko fiye, a shekara kusan jika ɗari. Jarin wata ma gaba ɗaya bai kai haka ba. Me za ta yi? Za ta koma motar da ta saba shiga a cikin gari, jirgi ya zama na masu hali. Sannan a tuna jirgi ba ya tambayar lokacin da ya dace da kai, yana iya isowa bayan isha'i. A halin da muke ciki, da masu satar mutane da ɓarayin shanu da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, da dubban ƴan'uwanmu da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, wane uba ne zai so ƴarsa ta sauka a tashar da ke tsakiyar daji da dare?

Wasu ƴan kasuwa sun ce to a kawo ta cikin gari mana, kusa da babbar kasuwa, kaya su sauka a bakin shago. Mun fahimci dalilinsu, amma ba mu goyi bayan wannan ba, kuma gara mu faɗa musu gaskiya tun kafin zaɓe. Jirgin kaya ba motar haya ba ce. Yana son fili mai tsawo inda taragai za su jeru, da layuka na gefe inda ake sauya su, da mangazu, da wurin tara kwantenoni, da filin da manyan motoci za su kwana suna jiran lodi. Ina za a sami wannan a Mokoyo ko Sabon Gari in ba an rushe gidajen mutane ba? Mun ga abin da rusau ya yi wa masu ƙananan shaguna a Yamai a 2016, mutum ya wayi gari da tebur da kaya, ya kwana ba shi da wurin ajiye su. Ban da haka, dogo in ya ratsa unguwa yakan raba ta biyu, yaro yana wannan gefe makarantarsa tana wancan, mai naƙuda tana nan asibiti yana can. Ga kuma man fetur. Matatar SORAZ ta Damagaram ta sha sayar wa Najeriya mai, ba makawa wata rana za a so a loda shi a jirgi, tankokin mai su riƙa shigowa inda tashar kaya take. Ba mu manta da daren watan Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum fiye da 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Irin wannan kaya ba a kai shi tsakiyar gidaje.

Sai fadama. A nan ne muka fi jin tsoro, domin a idon wanda ya zo daga nesa da na'urar awo, kwarin gulbi wuri ne shimfiɗaɗɗe, a buɗe, ga shi kusa da gari. Tsofaffinmu sun san abin da ya sa yake a buɗe. Maraɗin farko a cikin kwarin take. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya ci garin, dole aka kwashe jama'a aka hau tudu, aka yanka tituna a miƙe kamar yadda muke ganinsu yau. Bagalam, Maradawa, Ƴandaka, Limanci, Ɗan Gulbi, duk sunayen unguwannin ƙasa ne da suka hau sama tare da mutanensu. Wanda yake ganin labarin ya tsufa ya tuna daminar 2020. Ruwan 2020 ya rusa gidaje da yawa a jihar nan, a Yamai kuma kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwanni. Gulbi yana iya daɗewa yana kwance kamar rairayi kawai, amma bai manta hanyarsa ba. Dogo kuma a kan tudun ƙasa da tsakuwa ake ɗora shi, in ya gitta wa ruwa hanya ba tare da isassun gadoji da magudanai ba, sai ya zama madatsa, ruwan ya koma kan ƙauyen da ke bayansa.

Ko da ruwa bai taɓa zuwa ba, fadama ita ce tukunyar garin nan. Zogale da tumatir da tattasai da albasa da ake kawowa kasuwa da rani daga ina suke? Daga lambunan gulbi, daga gonakin noman rani na Jiratawa da ke kan hanyar Ɗan Isa. Ƙasar jigawa muna da ita har ta ishe mu. Ƙasar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara kuwa ƴar siririya ce, in an zuba mata kankare ba ta dawowa. Abin dariya ne a kawo jirgin da zai kai kayan lambu Kano, a kuma gina tasharsa a kan lambun.

Ga matsayinmu. Mutane da kaya ba buƙatarsu ɗaya ba, don haka a raba su. Tashar fasinja ta zauna a kan tudu, a bakin gari, inda gidaje suka ƙare amma kwalta da wutar lantarki da ruwan famfo suka riga suka kai, yadda ɗan kabu-kabu zai kai ka da kuɗin da ya saba karɓa a cikin gari. Kuma a haɗa ta wuri guda da babbar tashar mota. Wannan shi ne zuciyar maganar. Yanzu kowane kamfanin bas da tasharsa, motocin Dakoro a wani wuri, na Tasawa da Damagaram a wani, na Ɗan Isa da Madarunfa a wani. Baƙon da ya sauka a Maraɗi zai wuce Mayayi sai ya biya kuɗin ratsa gari da kayansa. In jirgi ya zo aka ƙara tasha ta daban a wani gefen, an ƙara masa wahala ne. In kuwa aka tara su a fili ɗaya, mutum ya sauko daga tarago ya taka ƙafa kaɗan ya shiga motar garinsu, to jirgin ya zama na jihar Maraɗi duka, har da mutanen Tawa da Damagaram da Agadas da za su riƙa biyowa ta nan.

Tashar kaya kuma, da ofishin duwan da mangazu da wurin mai, a matsar da ita gaba a kan tudun, nesa da gidaje, a yi mata hanyar kewaye da za ta haɗa titin Ɗan Isa da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Ta haka tirela za ta ɗauki kaya ta kama gabanta ba tare da ta ratsa tsakiyar gari tana gogayya da ƴan makaranta da amalanke ba. Kuma a ware fili mai yawa, fiye da abin da ake buƙata yau. A ƙidayar 2012 mutanen birnin Maraɗi sun haura 267,000, kuma jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara, wato cikin shekara ashirin mun ninka. Inda muke kira bayan gari yau, gobe unguwa ce. Zariya da Ali Ɗan Sofo ma gonaki ne a da.

Akwai wani dalilin barin fili da ba a cika faɗa ba. Dogon da zai zo daga Kano mai faɗi ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,435. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso mita guda ne, milimita 1,000. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Duk ranar da Nijar ta ja layinta daga yamma ya iso nan, ko dai a sake shi gaba ɗaya, ko kuma a riƙa sauke kaya daga wannan jirgi ana lodawa a wancan, kuma a Maraɗi za a yi hakan. Haka nan in an so a miƙa layin zuwa Damagaram ko Ƙonni, dole tashar ta kasance tana da mafita. Tashar da gidaje suka toshe mata gaba ta zama ƙarshen hanya har abada.

Mun san sandikan direbobi da ƴan kamasho da ƴan dako suna da fargaba, kuma fargabarsu tana kan hanya. Tarago guda yana ɗaukar abin da babbar mota ke ɗauka ko fiye, jirgi guda kuma yana jan taragai masu yawa. Wasu lodin da ake yi tsakanin Kano da Maraɗi zai koma kan dogo, ba mu ɓoye wannan ba. Sai dai jirgi ba ya zuwa Dakoro, ba ya zuwa Sabon Mashi, ba ya shiga lungu. Duk abin da ya sauke, mota da baro da kafaɗar ɗan dako ne za su ƙarasa da shi. Abin da zai raba gardama shi ne yadda aka tsara tashar: shin an bar wa motocin sandika wurin lodi a ciki, ko an ba kamfani guda ya kewaye da waya ya sa mai gadi? Shin an yi rumfuna ga masu tuwo da masu shayi da masu fura, da kuɗin haya da talaka zai iya biya, ko za a bari su kafa a bakin titi sannan a zo a kore su? Waɗannan a kan takarda ake yanke su, tun kafin a haƙa tushe. In ba a zauna da sandika da ƙungiyoyin mata ƴan kasuwa a wannan lokacin ba, bayan an gama gini sai dai roƙo.

Yanzu mutanen iyaka. Ɗan Isa da ƙauyukan Madarunfa da hanya suke ci. Mai gyaran taya, mai canjin naira da sefa, mai sayar da abinci, yaron da ke tura kaya a baro, duk motar da ta tsaya ce abincinsu. In jirgi ya tashi daga Jibiya bai ƙara tsayawa ba sai Maraɗi, su abin da za su samu shi ne ƙara da ƙura, da dogon da ya raba manomi da gonarsa, ya tare wa makiyayi burtali. Muna neman a rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a yi tasha a ɓangaren Ɗan Isa, ko ƙarama ce, inda fasinja zai hau, inda za a iya loda dabbobi da wake da aya. A kuma bar mashigai na shanu da amalanke a duk inda dogo ya gitta burtali ko hanyar kasuwa, da shawarar sarakuna da hakimai da ardo-ardo, su ne suka san inda garke ke bi.

Kuma a gaya mana amfanin jirgi in ƙofa tana rufe. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A Disambar 2020 ta buɗe guda huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, amma Jibiya, wadda dogon zai bi ta cikinta, ba ta cikin jerin. A Fabrairun 2021, shekara guda da rabi ke nan ƴan fito da direbobi da masu shaguna a wannan hanya suna zaune, wasu sun cinye jari, wasu sun bi ta daji sun haɗu da abin da suka haɗu da shi. Gwamnatin da ta san ciwon mutanenta, ranar da aka zo mata da maganar dogo za ta ce madalla, amma mu fara da ƙofar Jibiya, mu kuma rubuta yadda za a riƙa binciken kaya da fasinja sau ɗaya a wuri ɗaya, duwan na nan da kwastan na can a zaune tare, kada jirgi ya yi awa biyu a hanya ya yi awa biyar a iyaka.

Saura maganar da kowa ke yi a majalisa da dare amma ba a faɗa a lasifika: filaye. Duk inda aka ce tasha za ta zauna, ƙasar wurin za ta yi tsada ninkin-ba-ninkin. Wanda ya riga kowa sanin wurin, ya riga kowa arziki. Sai ka ga baƙuwar mota ta tsaya a ƙauye, a taya gonar jigawa da kuɗin da mai ita bai taɓa riƙewa ba, ya sayar yana murna, bayan shekara biyu ya ga an yanka ta filaye ana sayar da kowane guda a kan abin da aka ba shi na gonar duka. Ba mu kama sunan kowa ba. Muna cewa ne muddin taswira tana cikin aljihun mutum biyar, ƙofar wannan a buɗe take, kuma hanyar rufe ta ita ce kowa ya ga taswirar rana ɗaya.

Doka tana bayanku, ku san wannan. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda ya yi aiki har 2023, a aya ta 28, ya ce ba a karɓe wa mutum dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Ku riƙe kalmar nan, tun kafin. Aya ta 31 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin samun labarin da ke hannun ma'aikatun gwamnati. Dokar karɓar filaye ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta a yi bincike a bainar jama'a, a ji ta bakin waɗanda abin ya shafa. Dokar karkara ta 1993 kuma ta amince da gonar gado, ko ba ta da takardar Bature, ta kafa hukumomin filaye da ake kira COFO tun daga ƙauye har zuwa sama. Shawararmu ga duk mai gona tsakanin iyaka da Maraɗi ita ce, kada ka sayar a wannan tsakanin komai daɗin tayi. Ka je wurin mai gari da COFO a rubuta maka shaidar mallaka, da sunayen maƙwabtan gona ta kowace kusurwa. In gonar ta gado ce ba a raba ba, ku zauna da ƴan'uwa, har da mata, a rubuta kowa. Diyya sunan da ke kan takarda take bi.

Abin da jam'iyyarmu ta ɗauka a kanta, in kun ba mu amana, shi ne a kawo aƙalla wurare uku da masana suka auna, kowanne da nisansa daga babbar kasuwa, da yawan gonaki da gidajen da zai taɓa, da tarihin ruwan wurin. A liƙa taswirorin a ma'aikatar magajin gari da ta kowace ƙaramar hukuma da dogo zai ratsa, a karanta bayanin da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo, domin takardar Faransanci da ke cikin durowa ba sanarwa ba ce. A dakatar da yanka filaye da sauya takardu a wuraren nan uku har sai an yanke shawara, a kuma buga sunayen duk waɗanda suka sayi ƙasa a wurin a shekarun baya-bayan nan. Kansilolin da kuka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020 su yi muhawara a zauren da kowa zai iya shiga, kafin minista ya sa hannu. Muna da jami'a a garin nan, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da malaman da suka san ƙasar gulbi da ta tudu. A tambaye su.

Wani zai ce ai jirgin ba gobe zai iso ba. Haka ne. An ce wata 36, mu kuma mun san yadda alkawarin kwangila yake, ga shi ma sabon dogo mai faɗi bai haɗa Kano da Kaduna ba tukuna, balle ya kai teku. Amma wurin tasha a farkon aiki ake zaɓensa, lokacin da masu awo ke yawo da turaku da jan fenti, watau a cikin watannin farko na sabuwar gwamnati. Ranar da kuka ga katafila, magana ta riga ta ƙare.

Saboda haka a kwanakin nan da suka rage, duk wanda ya zo ƙofar gidanku da lasifika da atamfa, namu ne ko nasu, ku tambaye shi ina tashar za ta zauna, wa ya ga taswirar, ko jirgi zai tsaya a Ɗan Isa, kuma yaushe za a biya masu gonaki. Mu mun ba da tamu amsar a rubuce, ku ajiye takardar nan ku kama mu da ita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da tasha da gidan biki. Ranar Lahadi 21 ga Fabrairu 2021 ku fito da wuri da katinku na zaɓe, ku jefa wa ɗan takarar canji, wakilanmu kuma su tsaya a rumfa har a gama ƙirga, su karɓi kofin takardar sakamako da sa hannun kowa kafin su bar wurin.